Sawun Zabuwa a Wuyan Randar Baba

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau kaina zan tona wa asiri. Duk wanda ya san labarin atamfar nan a Birnin Gwari, Yusha'u yake ɗora wa laifi, shi kuma bawan Allah sai ya yi murmushi ya karɓa. To ba shi ba ne. Ni ce, Furera 'yar Nababa mai gingimari, da hannuna na dama da guntun gawayi.

Shekarar da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama abin ya faru. Ina da shekara goma sha tara, na gama makarantar horon malamai, ina koyar da 'yan aji biyu a firamaren garinmu, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro boko. Wata rana na je shagon Mamuda tela karɓar ɗinki. Na ci ado, ba ƙarya: atamfa shuɗiya mai furen rawaya, ɗankwali na karkata shi gefe guda, awarwaro shida, kwalli ya kusa kai kunne. Ga wani dogon saurayi a kan benci, fensir a maƙale a bayan kunne, wando mai faɗin ƙafa kamar an ɗauke shi sharar shago. Ya ƙura wa zanina ido ko ƙiftawa ba ya yi. A raina na ce, yau ma ga wani ya faɗo.

Sai ya ce, "Malama, wannan furen an buga shi a karkace. Dubi rawayar, ta zame ta bar layinta."

Wannan ce maganar soyayya ta farko da na samu daga bakinsa. Na ce masa ai ba don shi na ɗaura ba, na fizgi ɗinkina na fita. Ina shan kwana na tsaya na duba. Wallahi ta zame. Wata uku ina ɗaura zanin ban gani ba. Har na kai gida ina jin haushi ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ashe ɗan Mamuda telan ne, Yusha'u, wanda ake cewa yana jami'a a Zariya. Kafin hutunsa ya ƙare na kai ɗinki shagon nan sau huɗu, har da rigar da ba abin da ya same ta, ni na ɓalle mata maɓalli a hanya.

Ku masu waya a tafin hannu ba za ku gane ba. Mu wayarmu Bakoji ne, direban Baba, dattijo mai goro a kunci, wanda yake kai doya da dawa Kaduna da Zariya. Wasiƙunmu a akwatin sufana suke tafiya, ƙarƙashin tsumma mai baƙin mai, a motar ubana, da man ubana. Bakoji ba ya karatu, amma da ambulan yake gane inda aka kwana, don Yusha'u ba ya aiko da ambulan tsirara, kullum da zanen tsuntsu a jiki. Sai Bakoji ya miƙo mini yana kallon sama ya ce yau tsuntsu biyu aka yi miki, Malama, magana ta yi nisa.

Ga ɗaya, har yau tana cikin adakata:

"Zuwa ga Malama mai fure a karkace. Yau tun safe ina wurin rini, hannuna ya yi shuɗi har gwiwa. Gobe saƙa, jibi ginin tukwane, ranar Alhamis za mu jera haruffa a injin buga littafi. Malaminmu ya ce duk abu ɗaya ne: ka kalli abin da mutum zai riƙe, ko ya ɗaura, ko ya zauna a kai, ka sa ya yi daɗin amfani ya yi kyan gani. Ni dai na kalle ki na rasa abin gyara."

Layin ƙarshen nan na karanta shi har takardar ta yage a ninki. Ranar sau biyu na sa wa miya gishiri, Innata Mairama ta ɗanɗana ta kalle ni ta ce ko dai zazzaɓi ne, ko kuma abin da ya fi zazzaɓi.

Sai ga wasiƙar da ta jawo komai. Ya ce aikinsa na ƙarshe a jami'a shi ne ya zayyana sabuwar atamfa, kuma ya gaji da furannin Turawa da ba wanda ya taɓa ganinsu a dajinmu. In duba cikin gidanmu, duk wani ado da na gani a jikin ƙwarya ko tabarma ko tukunya, in ɗora takarda in goga gawayi a kai, siffar za ta fito, in ba Bakoji.

Na bi ƙoren Inna kaf, ba abin da ya burge ni. Sai na tuna da randar Baba.

A ɗakinsa take, a kusurwa, kan wani faifan dutse. Tsohuwa ce, baƙa wuluk, tana sheƙi. Ba mai shan ruwanta sai shi, ba mai wanke ta sai shi, ko yaɓe za a yi wa ɗakin da kansa yake rungumar ta ya fitar. Mu dai mun ɗauka son ruwan sanyi ne. Ranar da ya tafi Funtua na faki idon Inna na shiga. A wuyanta akwai layi biyu na birgimar totuwar masara, a tsakaninsu wata alama kamar sawun zabuwa, da 'yan ɗigo a gefe. Na ɗora takardar makaranta na goga, ina dariya ni kaɗai kamar ɓarauniyar da ta samu ƙofa a buɗe.

Amsar da ta zo, tsuntsu uku ne a ambulan.

Bayan wata biyu Mamuda tela da ƙanensa suka kawo goro. Baba ya ce gidan ba shi da abin kushewa, tun suna samari ya san Mamuda, amma yana so ya ga yaron ya ji ta bakinsa. Yusha'u ya zo cikin babbar rigar ubansa, ya manta fensir a bayan kunne, hula ta danne shi. Ni kuwa ina bayan asabarin zaure da tiren ruwa a hannu, tiren da ba a kai shi ba har aka tashi.

Ku san waye Baba. Ko aji ɗaya bai yi ba, amma ya kwana a tashar Ikko, ya kwana a ta Yamai, in ya saurari injin mota na minti ɗaya zai gaya maka ƙaryar da mai sayarwa ya yi. Haka ya saurari Yusha'u.

"Likita na sani," in ji shi. "Alƙali na sani. Malamin gona ma na sani, yana zuwa a kan babur ya koya wa manomi noma. Kai in ka gama, me za a kira ka?"

Yusha'u ya gyara murya ya fara jero wa. Ya ce mai zayyana. Ya ce masaƙun Kaduna suna neman irinsu su fitar da adon atamfa, masu buga littattafai suna nema, gidan talabijin yana nema a tsara wurin da mai labarai zai zauna, akwai kamfanin kujeru, akwai koyarwa. Ni a bayan asabari ina ta gyaɗa kai, ina jin kamar gwamna ake naɗawa.

Baba ya ɓare goro a hankali. "Aiki biyar ka lissafa. Ni a tasha, in mutum ya ce mini shi direba ne, makanike ne, kuma ɗan kamasho ne, na san ba shi da mota."

Da Yusha'u ya yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma namiji in yana so ya burge suruki, bakinsa ba shi da birki. Sai ya ƙara da cewa ai har ginin tukwane suna koya, shi ne ma ya zo na ɗaya a ajinsu.

Goron ya tsaya a hannun Baba.

"Tukwane," in ji shi. "A jami'a."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ba faɗa ba ne, wani sanyi ne. Ya ce nan da sati uku, washegarin kasuwa, Yusha'u ya kawo masa abin da zai ɗaga a tasha ya ce surukina ya yi, bai ji kunya ba. In ya kawo, an ba shi. In kuwa laka ce, kada ya wahalar da takalminsa.

Na koma cikin gida da tirena. Inna ta ja ni gefe ta ce ban da maganar tukunya a gaban ubana, haka ta tarar a gidan nan, ba ta tambaya ba, ni ma kada in tambaya. Wallahi ko a lokacin hankalina bai kai kan randar ba. Ina can ina tunanin kalar takalmin da zan sa ranar biki.

Ana gobe kasuwa Bakoji ya sauke mini ƙunshi a takardar siminti. A jiki an rubuta: "Turmi ɗaya naki, ɗaya yana wurina. Kada ki buɗe sai ranar." Ku faɗa mini gaskiya, wace ce a cikinku za ta iya? Ni dai ko zama ban yi ba na tsinke igiyar da haƙori.

Atamfa ce launin jar ƙasa, irin ta tukunya sabuwar fita daga wuta. A kai ga layukan totuwa baƙaƙe, ga sawun zabuwa fari fat, wani ya kalli sama, wani ƙasa, wani gabas, da ɗigo huɗu-huɗu kamar an watsa gero. Ban taɓa ganin irinta ba, kuma babu macen da ta taɓa gani, tun daga nan har Ikko. Na rungume ta na yi birgima a gado. Da safe na yanki yadi biyu na ɗaura, na yanki ɗankwali, na sa farar riga, na ce wa Inna za ni sayen alli. Tana tsugune tana hura wuta, ba ta ɗago ba.

Kasuwa kuwa na sha kallo. Matar wani ma'aikaci ta bi ni tun daga 'yan gishiri har 'yan kifi tana tambayar inda na saya. Na ce mata ba a fara sayarwa ba tukuna, na yi gaba ina taku ɗai-ɗai. Da gangan na zaga rumfar 'yan atamfa sau biyu don su ga abin da ba su da shi. Ina cikin wannan yanga, ban ankara ba na faɗa layin masu tukwane, inda matan ƙauyen Kazage suke jera kayansu a ƙarƙashin ɗorawa.

Sai na ji an riƙe bakin zanina.

Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda ɗaukar kaya, da ɗan gicciye na ƙarfe a wuya. Ta ja zanin kusa da idonta, ta bi sawun da yatsa. Ta kira sauran da yarensu, kafin in ce wani abu mata biyar sun kewaye ni.

"Wa ya ba ki alamar Larai?"

Na ce ban san wata Larai ba, Iya, atamfa ce daga Zariya. Ta ce Zariya ba ta san wannan ba. Da Hausarta mai ɗan nauyi ta yi mini bayani. Su a wurinsu rami ɗaya suke gasa tukwane gaba ɗaya, don haka kowace mace da alamarta a wuyan tukunya, in wuta ta mutu kowa ta gane nata. Alamar uwa 'ya take ba wa. Larai kuwa ta rasu ba ta bar 'ya mace ba, sai suka kwantar da alamarta, shekara ashirin da wani abu ba hannun da ya sake yin ta. Ga shi yau ta ga tana yawo a ƙugun wata.

"Ke 'yar wa ce?"

Na ce 'yar Nababa mai mota.

Ta saki zanin ta kama fuskata da hannu biyu, hannu kamar ɓawon itace. Ta juya ni dama ta juya ni hagu. Sai ta fashe da dariya, hawaye yana bin kuncinta, ta ce ga goshin nan, ga haƙoran nan. Ta ce sunanta Asibi, tare suka yi 'yammatanci da Larai, tare suke haƙo yumɓu a bakin rafi cikin daji. Nababa kuwa ɗan Larai ne, shi yake yi musu itacen gasa tukwane tun bai kai tsawon tulu ba. Ta ce in gaya masa gobe tana tafe, yau a gari za ta kwana.

Kakata ke nan da aka ce mana ta rasu tun kafin a haife mu, ba a taɓa ƙara ko kalma a kai ba.

Ban san yadda na kai gida ba. Inna tana ganin zanin ta zauna daɓas a kan turmi, ta ce na kashe mu. Na cire na tura ƙarƙashin katifa, kamar hakan zai sa kasuwa guda ta manta. Aika wa Yusha'u kuma ba hali, sai da safe motar da ya hau za ta iso.

Hantsi ya ɗaga suka zauna a zaure: Baba a kan buzunsa, Mamuda tela a gefe yana jan carbi, Yusha'u a tsugune. Ni da Inna muna bayan asabari, tana tsungulina duk lokacin da na yi motsi. Yusha'u ya fara miƙa takarda daga wata masaƙa a Kaduna, sun ga aikinsa, suna son adon, suna son shi ma da zarar ya gama. Baba ya karɓa ya ajiye ko kallo bai yi ba. Sai Yusha'u ya warware turmin a kan tabarma.

Baba ya kalla. Ya daɗe yana kallo.

Sai ga sallama daga waje, kafin a amsa Iya Asibi ta shigo da sandarta, tsofaffi biyu a bayanta.

"Ɗan Larai, ka yi tumbi."

Mutumin da direbobi suke cire hula in za su yi masa magana, sai ga shi ya sauka daga buzu ya durƙusa, yana gaishe ta da yaren da ban taɓa sanin yana ji ba. Inna ta daina tsungulina, ta riƙe hannuna.

Iya Asibi ta zauna, ta nuna atamfar da sanda, ta tambayi Yusha'u wa ya ba shi. Nan ne fa. Ya ɗago ya kalli asabarin, na san ya ga inuwata. Sai ya ce shi ya gani ya ɗauka, bai tambaya ba, a yafe masa. Ni kuwa da nake koya wa yara faɗin gaskiya kullum da safe, na yi tsit kamar an ɗinke mini baki a keken ubansa. Wannan shi ne laifina, ga shi na faɗa.

Da ya ga ba a kore shi ba, sai jami'a ta motsa masa. Ya fara bayani cewa ya juya sawun ta kowace fuska ne don mace ta ɗaura ta inda ta ga dama, ba sama ba ƙasa. Ya ce ɗigo huɗun nan kuwa su suka fi burge malaminsu, har ya tara ɗalibai ya nuna musu yadda na huɗun ya ɗan kauce daga 'yan uwansa, ya ce wannan hikima ce ta mutanen da.

Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Ya kalli bango. Sai kawai ya ce, "Zabuwa ba ta tafiya haka. Mairama, miƙo mini totuwa."

Inna ta ruga madafa ta miƙa ta gefen asabari. Ya naɗe hannun riga, ya tsiyaya ruwan buta a daɓen zaure inda ya ɗan fashe, ya murza ƙasar da tafin hannu har ta yi laushi. Ya birgima totuwar sau ɗaya, ya sake a ƙasa, layi biyu suka fito daidai kamar an auna. Ya karyi tsinken tsintsiya, cak, cak, cak, sawu ya zauna. Hannun nan da na sani da sitiyari da goro, ko rawa bai yi ba.

"Sama take kallo, bakin randa, ruwa za ta sha. Ka juya ta ƙasa, ka kore ta daga ruwa ke nan. Kuma ɗigo uku ne." Ya dangwala uku. "Na huɗun ni na yi shi. Ranar da na ɗauko randar daga Kazage na buge ta da ƙofar mota, ta ɗan ɓantare. Shi ne kuka tara ɗalibai."

Tsofaffin nan uku suka kwashe da dariya har ɗaya tana tari. Mamuda tela ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa abin da na riƙe shekara guda ya kuɓuce mini, na ce ta bayan asabari, a hankali dai amma Yusha'u ya ji: "Malam, an buga shi a karkace." Kunya ta sa ya sosa kunne har fensir ya faɗo.

Baba bai yi dariya ba. Yana tsugune yana kallon abin da hannunsa ya yi. Da ya yi magana, da Iya Asibi yake, amma da Hausa, don mu ji. Ya ce ya ga bayan uwarsa ya lanƙwashe a kan laka, ya ga hayaƙin rami ya cinye mata ƙirji, ya ga matan gari suna ƙwanƙwasa tukunyar da ta yi kwana huɗu a kanta suna yatsina. Ranar da aka binne ta ya yi alkawari jininsa ba zai ƙara taɓa yumɓu ba. Iya Asibi ta ce ta sani, amma shi ya yi alkawarin, ba Larai ba, ita kam da waƙa take gini.

Baba ya juya ga Yusha'u ya tambaye shi, injin masaƙar nan, turmi nawa yake fitarwa. Yusha'u ya ce a yini ɗaya sai ya cika gingimari, kuma har Ikko da Kano ake kaiwa. Na kalli Baba, na san abin da yake gani: tashoshin da ya kwana, da matan da ke sauka daga mota, kowace da sawun zabuwar uwarsa a ƙugu.

Iya Asibi ta buga sanda ta ce ba inda za a kai. Alamar a kwance take. Ba mai tashin ta sai mace jinin Larai, ta zo Kazage ta haƙo yumɓu, ta gina tukunya da hannunta, ta sa alamar, a gasa tare da na kowa. In ta fito lafiya, alamar ta zama tata, ta ba masaƙa, ta ba miji, ta ba wanda ta so.

Mace jinin Larai kuwa, duk duniya ni kaɗai ce. Na kalli hannuna, lalle ya kama raɗau, farce a gyare.

Baba ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Bai kalli kowa ba ya ce, "An ji. In tukunya ta fito lafiya, a gyara ɗigon nan, a juya sawun sama, Mamuda ka turo a sa rana. In ba ta fito ba, ba atamfa, ba magana." Ya shige cikin gida ta gabanmu kamar bai ga mutum ba.

Kwana shida bai ce mini uffan ba. Na ɗauki hutun makaranta, na yanke farce, na cire awarwaro, na nemo tsohon zanin Inna. Bakoji ya kawo ambulan, wannan karon ba tsuntsu, wata karkatacciyar tukunya ce aka zana tana kuka. A ciki: "Ki murza yumɓun sosai kada iska ta ɓuya a ciki, ita ke fasa tukunya. Na zo na ɗaya a aji, amma kada ki gaya wa Iya Asibi." Na yi dariya, sannan na zauna na yi kuka, don ni ko kaskon wasa ban taɓa ginawa ba.

Ranar tafiya na fito da ƙunshina ina neman Bakoji, sai na tarar Baba ne a kan sitiyari, da tsohuwar hularsa ta direbobi. Ya nuna mini kujerar gaba da haɓa. Muka bar gari muka shiga daji, dogayen doka suna wucewa, birai suna tsallake hanya, shi yana tuƙi yana ƙunƙuni a kan wanda ya ce a koma hannun dama. Wani abu yana ta kwaramniya a baya. Na leƙa ta ƙaramar taga.

Itace ne, a jere, an sare shi tsawo ɗaya. Busasshen marke, da ɓawo a ɗaure dami-dami, da buhun kwasfar ɗorawa wadda ake jiƙawa a yayyafa wa tukunya ta yi baƙi ta yi sheƙi.

"Itacen Kazage ɗanye ne bana," in ji shi, idonsa a kan hanya. "Ɗanyen itace ke fasa tukunya. Kuma in za ki sake shiga ɗakin mutum, ki riƙa goge gawayi. Wata uku yana wuyan randata."

Na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na ce, "Baba, in ta fashe fa?"

Ya sauya giya, ya kauce wa rami, ya ɗauko goro a aljihu ya ɓare, ya miƙo mini rabi, abin da bai taɓa yi ba.

"Na ce sai tukunya ta fito lafiya. Kin ji na ce ta farko?"

Na cusa goron a baki don kada ihun da ke ƙirjina ya fito, ɗaci ya cika mini harshe, ina ta murmushi kamar wawiya. Can gaba, a bakin rafi, na hango Iya Asibi tsaye da fartanya biyu a kafaɗa, ɗaya ta fi ɗaya girma. Babbar ta miƙo mini.